Idon Ragon Da Babana Bai Gani Ba

A wannan wata na Zulƙida babana, Malam Sale, yake cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Kowace shekara idan watan ya kama nakan tara 'yan'uwa a gidanmu na Gaya a yi masa addu'a, a raba waina, kowa ya kama gabansa, ni kuma in koma harkokina ina jin na sauke nauyi. Bana wainar ba ta sauke mini komai ba. Akwai maganar da ya roƙe ni in yi tun yana raye, na yi ta ɗaga ta har aka binne shi. Yau zan yi ta a nan, a gaban jama'a, tun da a gaban jama'a na yi ɓarnar.

Dattawan Gaya da Ajingi ba sa bukatar in gabatar musu da shi. Ga sauran masu karatu, babana manomi ne, gero da dawa da 'yar gyaɗa yake yi a gonarmu ta gado da ke hanyar Balan. Bai taɓa yin dillanci ba. Abin da aka san shi da shi shi ne duba idon dabba. Malamanmu sun ce ragon da idonsa ɗaya ya mutu ba ya layya, ko da kuwa idon yana nan a buɗe, garau, babu alamar ciwo. Irin wannan idon shi ne abin tsoro, domin mai saye zai duba haƙora, ya matsa gadon baya, ya kai rago gida da murna, sai bayan an yanka wani ya ce ai dama ragon nan a karkace yake tafiya. Saboda haka idan Babbar Sallah ta matso, duk wanda ya yi ciniki a kara, wato kasuwar dabbobi, kuma yana son hankalinsa ya kwanta, sai ya ja ragon zuwa wurin Malam Sale kafin a ce an sallama. Ba ya karɓar komai sai goro, shi ma sai in fari ne.

Akwai wani tsohon zaure na ƙasa a bakin karar, mai ƙofa ɗaya, nan ne wurin aikinsa. Zai shigar da rago ciki, a saki tabarma a ƙofa, ya zauna yana shafa masa wuya kamar tsawon alwala. Sannan ya fito da shi rana, ya rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ya ƙura wa ɗayan ido. Baƙin nan da ke tsakiyar ƙwayar ido, Baba ƙofar ido yake kiransa. A duhu ƙofar takan buɗe ta yi faɗi don ta tattaro ɗan hasken da ke akwai, da an fito rana sai ta tsuke. Idan ta tsuke, ido yana da rai. Idan kuwa ta tsaya a wangale tana fuskantar rana ko gezau, to haske yana shiga amma babu mai karɓarsa a ciki. Bayan wannan sai ya kawo yatsu biyu a hankali kamar zai tsokane idon, ya tsaya kafin ya kai. Rago mai gani zai ƙifta. Ya sha gaya mini cewa duk aikin yana cikin abu biyu, kada hannunka ya yi iska, kuma kada ka taɓa gashin idon, domin ko mataccen ido ka taɓa wa gashi sai ya ƙifta.

Ni ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu ya san abin da wannan yake nufi. Har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai wannan" ne, da na girma na zama "malamin boko". Ni kuma ban taɓa ɗaga kai na kalli tsakiyar idonsa ba, don ba a yi. Idan za mu yi hira sai mun sami dabbar da za mu zuba wa ido mu biyu, shi yana magana da akuya, ni ina amsa wa akuya. A haka na yi karatun da har yau ban yi irinsa ba.

Shi ya nuna mini cewa ƙofar idon akuya da ta tunkiya a kwance take kamar bakin asusu. Ya sa na tsugunna na ga yadda idan akuya ta sunkuya za ta ci ciyawa, idon yake juyawa a cikin gurbinsa don ƙofar ta ci gaba da zama daidai da ƙasa. Ya ce, "Ita abincin wasu ce, dole ta riƙa ganin gabas da yamma ko tana kiwo. Shi ya sa aka ɗora mata ido a gefe. Kyanwa da kura da mujiya kuwa nasu a gaba yake, don su ba sa tsoron na baya, na gaba suke aunawa." Na ce, "Baba, mutum fa?" Ya ce, "Je ka ari madubin uwarka, ka zo ka gaya mini ko wane iri ne mu." Shi ya fahimtar da ni abin da ya sa kaza take neman wurin kwana tun kafin a kira magariba, idonta na rana ne, da haske ya ja baya ta zama abin tausayi. Shirwa kuma daga can sama take tsinto ɗan tsako a cikin ƙaiƙayi, abin da ni da nake tsaye a tsakar gidan ban gani ba sai da ta ɗauke.

Abin da ya fi zama mini a rai shi ne ranar rumbu. Yaran unguwarmu sun dage cewa kyanwa wuta gare ta a ido, da ita take haska hanya. Na kawo wa Baba wannan labari da ƙarfina. Da rana tsaka ya ɗauke ni ya jefa a rumbun da aka gama cinye hatsinsa, ya miƙo mini kyanwar gidanmu da tocila a kashe, ya mayar da murfi ya toshe. Daga waje ya ce, "Kana ganin wutar?" Ko tafin hannuna ba na gani, kyanwar ma sai karo take yi da ƙafata. Ya ce, "To kunna." Ina kunnawa sai ga ido biyu kore shar suna walƙiya. Ya ce, "Aro take yi. Babu idon da yake da wutar kansa, daga na Sarki har na jaki. In haske bai faɗa kan abu ya dawo ya shiga ƙofa ba, babu gani." Da Sallah ta zo ya karɓo idon bijimi a wurin mahauta, ya tsaga da aska. Ya nuna mini wani shimfiɗi mai sheƙi a can bayan idon, mai launin shuɗi da kore, ya ce shi ne madubin da yake mayar da haske ya sake bi ta cikin ido, shi ya sa masu shi suke gani a ɗan hasken da mu ba ya isarmu. Sannan ya ciro wani abu kamar dutsen ado, garau, ya ɗora mini a tafin hannu. Zanen tafina ya yi girma a ƙarƙashinsa. Ya ce wannan shi ne mai tattara haske ya aika da shi baya, in ya gurɓace an shiga uku.

Daga baya na tafi kwalejin horon malamai, na dawo ina koyar da kimiyya a sakandare. Na tarar duk abin da Baba ya nuna mini yana cikin littafi, sai dai an raɗa wa kowanne suna da Turanci. Maimakon wannan ya ƙara masa girma a idona, sai ya ƙara mini girman kai. Na fara gyara masa magana. Idan ya ce ƙofar ido sai in faɗi sunan Turancin, in ja shi da tsawo yadda na kusa za su ji. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce wa akuya, "Kin ji sunanki na makaranta."

Wata rana bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida, ya ja malafarsa har ta rufe masa gira. A lokacin ya ɗauki wata ɗabi'a ta saka malafa ko'ina, har muna yi masa tsiya a bayan ido. Ya fuskanci wata tunkiya da ke tsallaken hanya ya ce, "Malamin boko, a littafinku me aka ce game da mutumin da ya fi gani a inuwa, in ya fita rana sai komai ya zame masa kamar ana ƙona kara?" Na yi dariya. Na ce, "Haba Baba, ai wannan ba ya yiwuwa. Haske shi ne gani, kai ka koya mini a rumbu. In haske ya ƙaru dole gani ya ƙaru." Na ɗauki tsinke na zana masa ido a ƙasa, na yi ta zuba kamar ina gaban 'yan aji uku. Da na gaji na ce, "Wai wane ne?" Ya ce, "Wani ne." Na ce, "To a ce masa tsufa ce kawai." Ya ce, "Madalla. An gode."

Amsar tana cikin littafin da nake riƙe da shi kullum, babi ɗaya gaba da inda nake tsayawa. Idan yanar ido, farin gurɓacewar nan da ke rufe wa tsofaffi gani, ta fara fitowa a tsakiyar wannan dutse mai tattara haske, to a rana ƙofar ido takan tsuke ta tsaya daidai kan inda yanar take, haske ya tarwatse, mutum ya ga hayaƙi. A inuwa kuwa ƙofar takan buɗe, haske ya sami hanya ta gefen yanar. Babana ya gane abin da ke damunsa tun kafin ya tambaye ni, domin ya ga irinsa a idon tsofaffin jakuna. Ba ilimi yake nema a wurina ba. Yana neman ɗansa na fari ya ce masa tashi mu je asibiti ne, ba tare da ya buɗe baki ya ce shi, Sale mai duba ido, ba ya gani ba.

Shekarar da ta biyo baya, saura kwana uku Sallah, surukina Alhaji Garba ya zo daga Ajingi sayen rago. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, kuma ban fi shekara da auren 'yarsa Hauwa ba, ina cikin lokacin da suruki yake neman inda zai nuna ba a yi asarar ba shi 'ya ba. Na sha babbar riga na bi shi a baya. Ya zaɓi wani farin rago, ƙato, na wani makiyayi daga Kademi mai suna Bello, wanda ya rene shi tun yana shan nono. Aka ja shi zuwa zaure. Baba ya shiga da shi, ya fito da shi cikin ranar azahar mai ƙuna, ya rufe ido ɗaya, ya duba, ya rufe ɗayan, ya duba, ya kawo yatsu. Rago ya ƙifta. Baba ya ce, "Lafiya lau. A yanka da sunan Allah."

Ina tsaye a gefen hagun ragon, na ga abu biyu. Ƙofar idon hagu a wangale take, ba ta tsuke ba. Kuma yatsun Baba sun wuce inda suka saba tsayawa, sun shafi gashin idon. Da na ga haka ina da hanyoyi da yawa. Ina iya matsawa in raɗa masa. Ina iya cewa a sake shiga zaure don ragon bai huta ba. Ban bi ko ɗaya ba. Na ɗaga murya yadda har masu awaki za su ji, na ce, "Baba, ai ka taɓa gashin idon."

Ban tsaya nan ba. Na ja ragon na mayar zaure, na yafito mutane, na kunna fitilar wayata na dalle idon dama, ya tsuke, na dalle na hagu, ko motsi. Na yi bayani da Hausa, na ƙara da Turanci don kada a ce ban iya ba, alhali duk abin da nake yi nasa ne, fitilar kawai ce tawa. Da muka fito wani dillali ya ce, "Ai da gangan ya taɓa. Shekara nawa yana wannan aikin, yau ne hannunsa zai zame? An haɗa baki ne." Bello ya riƙa rantsuwa da Allah shi bai san idon ya mutu ba, babu wanda ya saurare shi. Alhaji Garba bai yi hayaniya ba. Ya dubi babana ya ce, "Malam Sale, har da ni?"

Baba bai kare kansa ba. Ya gyara malafarsa, ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Allah ya ba da haƙuri." Ya kama hanyar gida yana bin jikin katanga, hannunsa ɗaya yana shafa ta. Na ga wannan ma, na ce a raina kunya ce ta sa shi raɓewa. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce wa mutane, "Kun ga amfanin boko. Yaron nan ko ubansa bai rufa wa ba." Zan faɗi gaskiya tun da ita na zo faɗa: na ji daɗin wannan magana. Na ji daɗinta har cikin ƙashina, na kuma kwana da ita ina juyawa.

Baba bai sake taka karar ba. Na ɗauka fushi yake yi, na ce zai huce. Sai bayan wata biyu Inna, mahaifiyata, ta tare ni a bakin madafa. Ita ma ba ta kiran sunana, kuma ba ta saba doguwar magana da ni ba, amma ran nan ta ajiye kunya a gefe. Ta ce, "Kai da kake koya wa 'ya'yan mutane ido, ka taɓa duba na ubanka? Shekara guda ke nan yana zuba kunu a gefen kofi. Jiya turmi ya yi wa sallama a tsakar gida. Ya hana ni faɗa, ni kuma na gaji."

Na same shi a ɗakinsa, na durƙusa, na ce, "Baba, ina neman izini in duba idonka." Ya yi 'yar dariya ya ce, "A zaure za ka sa ni, ko nan ma ya isa?" Ina da shekara talatin da 'yan kai, ran nan na fara kallon tsakiyar idon mahaifina. Ƙofar da ya kamata ta zama baƙa ta yi fari kamar an ɗiga mata nono, duka biyun, na dama ya fi. Bai ga ƙofar idon ragon ba domin a rana ba ya ganin ko ragon sosai. Yatsunsa sun wuce domin ya daina iya auna nisa. Ya ce, "Wanin nan da na tambaye ka a kansa, ga shi."

Na kai shi asibitin ido a Kano. Aka cire gurɓataccen dutsen aka sa masa na roba, aikin da bai kai tsawon zaman ɗaurin aure ba. Washegari aka buɗe bandeji ya ga likita, ya ga ni, na sunkuyar da kai kamar yadda na saba. A hanyar dawowa motarmu ta tsaya, wata akuya ta zo tana cin ɓawon lemo a gefen titi. Ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Har yanzu a kwance take."

Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce, "Ka je ka gaya wa Alhaji da mutanen kara. In ni na faɗa za a ce wanke kai nake yi. Kai ka yi maganar farko, kai za ka yi ta biyu." Na ce to. Na ce bari a gama girbi. Aka gama girbi na ce bari a yi hutun makaranta. Da Alhaji ya tambaye ni abin da ya kai Baba Kano, sai na ji bakina ya ce hawan jini aka je dubawa. Hauwa ta san gaskiya, na roƙe ta ta bar ni in gaya wa mahaifinta da kaina, ta riƙe alkawarinta fiye da yadda na riƙe nawa. Maƙwabta na kusa sun san an yi masa aikin ido, amma labarin haɗa baki ya fi daɗin bayarwa, shi ya yi nisa. Dalilina kuwa ba ɓoyayye ba ne. Idan na ce yanar ido ce ta rufe wa babana gani, tambaya ta gaba ita ce, kai malamin ido, kana ina? Alhaji ya riga ya zagaye Ajingi da labarin surukinsa mai gaskiyar da ba ta bar uba ba, ni kuma ban so a cire mini wannan rigar ba.

Baba ya ƙara shekara biyu a duniya yana gani tangaran, yana karanta Alƙur'aninsa, yana zuwa gona, amma ko hanyar kara ba ya bi. Sau ɗaya ya sake tayar da maganar, a ciwonsa na ƙarshe. Ya kalli bango ya ce, "Malamin boko, ka je kuwa?" Na ce, "Zan je, Baba." Ya ce, "To." Bayan kwana tara aka yi masa sutura. Alhaji Garba ya zo gaisuwa, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yafe masa kurakuransa, na san kuskuren da yake nufi, na shafa tare da kowa.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yadda ake sayen rago yanzu. Tsohon zauren ya rushe, an kafa shagon cajin waya a wurin. Mutum yana zaune a Kano ko Abuja za a turo masa bidiyon rago yana zagaye turke, ya ce a ɗora a mota. Na san Baba ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai karɓi wayar ya juya ta, ya nemo ɗan gilashin nan na baya, ya ce ita ma ashe ƙofa gare ta, ita ma aro take yi. Sannan ya ce a sake ɗauko masa ragon sau biyu, ɗaya a inuwa ɗaya a rana, a matso kusa da ido. Zai ji daɗin ganin yadda likitocin ido suke zuwa har ƙauyuka suna duba tsofaffi, ko da yake ina jin sai an kai ruwa rana kafin ya shiga layi. Abin da ban san yadda zai ɗauka ba shi ne abin da na ji da kunnena mako biyu da suka wuce.

Na shiga kara neman ragon bana. Wani dillali da bai san ni ba yana ce wa abokinsa, "Kai, duba da kyau, kada ka yi mana duban Sale." Na ce masa, "Mene ne duban Sale?" Ya ce, "Yallaɓai, wani tsoho ne aka yi a nan da, in an shafa masa hannu sai ya ce makahon rago lafiya lau." Ya faɗa yana dariya, ba da mugunta ba, haka ya tarar ana faɗa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana tsare wa jama'a ibadarsu a kan goro, abin da ya rage na sunansa a kasuwar ke nan. Ban sayi rago ba ran nan. Na hau babur na nufi Ajingi.

Alhaji Garba ya tsufa, a kan buzu na same shi a soro. Na gaya masa komai, tun daga malafa har hawan jinin ƙarya. Sannan ya ce, "Shekara goma sha uku kana shigowa gidan nan, kana cin tuwona, ka bar ni ina ɗauke da haƙƙin bawan Allah? Da yana raye da na je na durƙusa masa. Yanzu wa zan roƙa?" Ya ce, "Tashi ka tafi. Ba korarka na yi ba, amma yau ba na son ganinka." Daga nan na wuce Kademi na nemi Bello, wanda tun daga ranar bai sake kawo dabba Gaya ba. Ya saurare ni yana tsefe igiya. Da na gama ya ce, "Ni na san ban ba shi komai ba, shi ya san bai karɓa ba. Duk shekarun nan ina cewa mu biyu ne kaɗai muka san gaskiya, ɗaya ya mutu. Ashe mu uku ne."

Idan na auna abin da Baba ya bari, ba shi da yawa a ido. Gonar tana nan, ƙannena suna nomawa. Malafar tana rataye a ɗakin Inna, ta hana a taɓa. Kowace shekara idan na zo babin ido nakan aro akuya in shigar da ita ɗakin ajiyar makaranta, in fito da ita rana, ɗalibai su ga ƙofa tana tsukewa, kuma a 'yan shekarun nan na daina jan sunan Turancin, ƙofar ido nake cewa. Nakan kuma ba su aikin gida da babu shi a manhaja: kowa ya je ya nemi izini ya kalli tsakiyar idon tsohon gidansu. Har yau ban taɓa gaya musu dalili ba. Wannan duka nasa ne, kuma zai ci gaba ko ba ni. Sunansa ne kaɗai ya bari a hannuna, shi ne kuma na yi wa riƙon sakainar kashi.

Saboda haka ga maganar, Baba, ta biyun da ka ce in yi. Ranar kasuwa mai zuwa zan tsaya a gaban shagon cajin nan in maimaita ta da baki, amma bari in fara rubuta ta inda ba zan iya janyewa ba. Jama'ar Gaya, jama'ar Ajingi, mutanen Kademi: Malam Sale bai haɗa baki da kowa ba. Bello bai ba shi komai ba. Yanar ido ce ta rufe masa gani, ya nemi taimakon ɗansa, ɗan ya zana masa ido a ƙasa da tsinke. A ranar nan mutum ɗaya ne a karar idonsa biyu lafiya lau, yana da ilimin abin, yana tsaye taku uku daga fararen idanun ubansa, ya zaɓi ya duba na rago. In dai dole sai kun sami sunan da za ku riƙa kiran mugun dubawa da shi, ku sauke na Sale. Ku ce duban ɗansa.